Masu sharhi sun ce "ba laifi", 'yan kallo sun yi shekara suna sayen tikiti

Tambaya: "Malam, kwanan nan na kalli My Big Fat Greek Wedding, na yi dariya har da hawaye. Da na je duba abin da masu sharhi suka rubuta a kansa sai na tarar yabon nasu da sanyi-sanyi, wasu ma cewa suka yi wasan talbijin ne aka ja shi ya yi tsawo. Ga shi kuma an ce yana cikin fina-finan soyayya da barkwanci da suka fi kawo kuɗi a tarihi. To wa ya yi kuskure, su ko mu 'yan kallo?"

Ƙanwata, kin sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Na daɗe ina rubuta sharhin fim, ina kuma koyar da masu son rubuta labarinsa, kuma wannan fim yana cikin waɗanda nake tilasta wa ɗalibai su kalla. Ba don ya fi sauran kyau ba. Duk wanda ya gane abin da ya faru da shi a 2002 ya gane inda aikinmu na sharhi yake da amfani, da kuma inda idonmu yake rufewa. Kusan duk aibin da masu sharhi suka lissafa yana nan cikin fim ɗin, ba ƙage suka yi masa ba. Sai dai labarin saurayi da budurwa suka ɗora a ma'auni, alhali ba shi jama'a suka je kallo ba.

Bari mu fara da yadda fim ɗin ya fito, don wannan labarin ya fi wanda ke cikin fim ɗin ban mamaki. Nia Vardalos 'yar Kanada ce, daga garin Winnipeg, danginta Girkawa. Ta koma Los Angeles neman aikin wasa, aikin kirki ya ƙi samuwa, sai ta haɗa wasan dandamali na mutum ɗaya: ita kaɗai za ta tsaya tana ba da labarin danginta da yadda ta auri wanda ba ɗan ƙabilarsu ba. Rita Wilson, matar fitaccen jarumin Hollywood Tom Hanks, wadda ita ma mahaifiyarta 'yar ƙabilar Girkawa ce, ta je ta kalla, ta koma gida ta ce wa mijinta lallai ya je. Kamfanin Hanks, Playtone, shi ya shige gaba aka yi fim ɗin. A cewar Vardalos, kafin nan wasu kamfanoni sun nuna sha'awa, amma da sharaɗin a sauya ƙabilar iyalin a kuma ba wata fitacciyar jaruma matsayinta. Ta ƙi. Aka yi shi da dala miliyan 5, aka ɗauki yawancinsa a Toronto duk da cewa a Shikago labarin yake, ita kuma ta fito a matsayin Toula.

A nan zan ɗan ratse. Idan kin ji an ce fim "mai zaman kansa" ne a Amurka, kada ki ɗauka wasu samari ne suka yi karo-karo suka ari kyamara. Ma'anarsa dai ba ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Hollywood ne ya zuba kuɗin ya kuma raba shi ba. Fim ɗin da Tom Hanks ke tsaye a bayansa ba maraya ba ne. Amma a wajen abin da ya shafi tambayarki, sunan ya dace da shi, domin ba shi da kuɗin talla irin na manya, ba shi da fuskar da ke jan jama'a, kuma ƙaramin kamfani ne, IFC Films, ya kai shi sinima.

Ya fito a watan Afrilun 2002 a gidajen sinima ɗari da 'yan kai, a ƙasar da manyan fina-finai ke buɗewa a sama da dubu uku. Abin da ya samu a ƙarshen makon farko bai kai dala miliyan ɗaya ba. Mako biyu bayan nan Spider-Man ya fito ya kwashi sama da dala miliyan 114 cikin kwana uku, abin da ba a taɓa yi ba a lokacin. Ɗabi'ar babban fim ke nan: ya buɗe da ƙarfi, mako na biyu ya faɗi da kusan rabi, bayan wata biyu a sauke shi. Na Vardalos ya yi akasin haka. Masu raba shi sun fara da inda Girkawa suke, ta hanyar coci-cocinsu da bukukuwansu, sannan suka riƙa ƙara gidajen sinima kaɗan-kaɗan, wanda ya kalla yana jawo wani. Makonsa mafi kawo kuɗi bai zo ba sai wajen ƙarshen Agusta da farkon Satumba, bayan ya haura wata huɗu a kasuwa. Ya yi kusan shekara ana haska shi. A ƙarshe ya tara dala miliyan 241 a Amurka da Kanada, kimanin miliyan 368 a duniya, ya zo na biyar a jerin fina-finan Amurka na wannan shekarar. Kuma ko sau ɗaya bai taɓa zama na ɗaya a jadawalin mako ba, iyakarsa na biyu.

Ki riƙe wannan lissafin. Kuɗin tikiti a Amurka a 2002 bai kai dala shida ba a matsakaici, wato an sayar da tikiti sama da miliyan 40. Amurkawa masu asalin Girka kuwa, a ƙidayar 2000, miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Ko da kowannensu, har jarirai, ya shiga sau biyar, ba su kusa cike wannan adadi ba. Girkawa sun kunna wutar ne kawai. Waɗanda suka yi ta zuba mata itace su ne 'yan asalin Italiya da Yahudawa da Larabawa da Indiyawa da 'yan Latin Amurka, duk wanda ya tashi a gidan da auren mutum ɗaya yake zama aikin mutum hamsin.

To me masu sharhi suka ce? Ba su tsine masa ba, wannan ya kamata a faɗa. A shafukan intanet biyu masu tattara sharhin fim, Rotten Tomatoes ya ba shi kashi 76, Metacritic kuma 62 cikin 100. Marigayi Roger Ebert, wanda ya fi kowa tasiri a sharhin fim a Amurka a lokacin, taurari uku cikin huɗu ya ba shi. An sa Vardalos a takarar Oscar ta rubutun labari, Pedro Almodóvar na Sifen ya doke ta. Saboda haka ba yaƙi aka yi ba. Bambancin zafi ne: su sun ce ba laifi, ku kun ce a sake haskawa.

Mutane da yawa ba sa karanta waɗannan lambobin daidai. Kashi 76 na Rotten Tomatoes ba maki ba ne irin na jarrabawa. Shafin yana tara sharhi ne ya kasa shi gida biyu, wanda ya yaba da wanda ya kushe, ya faɗi kason masu yabon. Idan mutum ɗari duk suka ɗaga kafaɗa suka ce "ana iya kalla", fim ya ci kashi 100. Idan hamsin suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, hamsin suka ce shirme ne, kashi 50 ya samu, ko da shi ne za a riƙa tunawa bayan shekara ashirin. Lambar tana gaya miki yawan waɗanda ba su ƙi ba, ba ta gaya miki zurfin son da aka yi. Metacritic ya fi kusa da auna zafin, domin yana haɗa makin kowane sharhi ya fitar da matsakaici, shi ya sa 62 ɗin ya fi nuna ainihin yanayin: yabo ne, amma na fatar baki.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne wanda kika ambata, cewa wasan talbijin ne. Akwai gaskiya a ciki. Daraktan, Joel Zwick, a wasannin barkwancin talbijin ya yi yawancin rayuwarsa, kuma hannunsa ya nuna. Kyamara tana tsaye wuri ɗaya, haske ko'ina iri ɗaya, kowane ɗan wasa da halinsa guda wanda yake maimaitawa duk sanda ya shigo. Uban yana fesa maganin goge gilashi, Windex, a kan kowace cuta, yana kuma ƙoƙarin nuna cewa kowace kalma a duniya daga yaren Girka ta fito. Goggo tana da surutu. Kaka tana yawo a unguwa cikin baƙaƙen kaya. Cikin Girkawan ma akwai waɗanda suka ji an mai da su abin dariya.

Aibin da ya fi wannan girma, a idon mai rubuta labari, shi ne saurayin. Ian Miller, wanda John Corbett ya fito a matsayinsa, ba shi da wata matsala ko ɗaya. Kyakkyawa ne, malamin makaranta, mai haƙuri. An ce sai ya shiga cocinsu, ya shiga, har aka yi masa baftisma a cikin robar wankan yara. An ce ga dangi, ya rungume su. Bai taɓa yin fushi ba, bai taɓa cewa "ni fa na gaji" ba. Abin da muke koya wa ɗalibai shi ne, tunda kowa ya san ƙarshen fim ɗin soyayya tun kafin ya zauna, to duk ƙarfinsa yana cikin abin da ya hana masoyan haɗuwa. Dole shingen ya zama na gaske, dole a kai inda mai kallo zai ji kamar abin ya rushe. A wannan fim babu wannan wurin. Tun wajen tsakiya uba ya sakko, saura duk shirin biki ne. Wanda ya riƙe wannan ma'aunin, dole ya ce labarin ba shi da ƙashin baya.

Ni ma haka na gan shi da farko. Sai da na kalle shi karo na uku, ina shirya darasi, na lura cewa tambayar da nake yi ce ba daidai ba. Ina ta neman abin da zai raba Toula da Ian, alhali abin da fim ɗin yake tsoro shi ne rabuwar Toula da gidansu. Ki tuna yadda ya fara: mace mai shekara 30, tana aiki a gidan abincin mahaifinta, uban yana gaya mata ta fara tsufa, tana jin kunyar danginta tun tana yarinya a makaranta, inda sauran yara ke yi wa abincinta dariya. Abin da take so shi ne ta fita. Tambayar fim ɗin ita ce ko za ta iya samun rayuwar kanta ba tare da ta yar da su ba. Ian hanya ce kawai. Shi ya sa aka yi shi sumul babu ƙaya, don kada ya janye hankali daga inda rikicin yake.

Dubi wurin da uwar da goggon suka haɗa baki a kan uban. Toula tana so ta bar gidan abincin ta koma ofishin tafiye-tafiye na goggonta, kuma kowa ya san idan aka tambayi uban kai tsaye zai ce a'a. Sai matan biyu suka zauna da shi a teburi, goggo ta fara kukan ba ta da wanda ya iya kwamfuta, uwar tana taya ta jimami, suna ta kewaye-kewaye, suna satar kallonsa. Can sai fuskarsa ta washe, ya ɗaga yatsa, ya kawo shawarar da suka riga suka yanke, yana jin shi ne mai dabara. Su kuma suka hau yaba masa kaifin basira. Babu saurayi a wannan wurin, babu maganar soyayya, amma a nan za ki ji sinima ta ɗauki dariya, irin dariyar wanda aka tona asirin gidansu.

Ko ranar da iyayen Ian suka zo gaisuwa. Mutum biyu ne, masu magana ƙasa-ƙasa, an ce musu 'yar ƙwarya-ƙwaryar liyafa ce. Suna isowa suka tarar ana gasa rago a ƙofar gida, dangi sun cika fili, ita Toula 'ya'yan baffanni da kawunnai da goggonni kaɗai tana da 27. Uwar Ian ta miƙa kek ɗin da ta kawo, irin mai rami a tsakiya. Uwar Toula ta juya shi, ta kasa faɗin sunansa, ta rasa dalilin da zai sa a kawo wa mutane kek da huji. Daga baya sai ga ta ta fito da shi a faranti, ta cusa tukunyar fure a ramin, ta gyara musu abin da take ganin ya lalace. Mai sharhi zai ce wannan tsohon salo ne, an sha yin barkwancin surukai masu bambancin al'ada. Gaskiya ne an sha yi. Amma matar da ke zaune a layi na bakwai tana tuna ranar da nata surukan suka fara zuwa, kuma gobe za ta dawo da mahaifiyarta da ƙanwarta.

Abin da ke raba mu da ku, na farko, yawan kallo ne. Mai sharhi na cikakken lokaci yana kallon fim ɗaruruwa a shekara. Kafin ya zo kan wannan ya ga biki hamsin, ya ga amarya hamsin da ta cire tabarau ta zama kyakkyawa. Abin da ke faranta masa rai shi ne abin da bai taɓa gani ba. Mai sayen tikiti da kuɗinsa yana zuwa sau 'yan kaɗan a shekara, kuma idan ya zaɓi fim ɗin soyayya da barkwanci ya san abin da ya zo saya. Maimaicin da ke gundurar ɗaya shi ne cika alkawari a wurin ɗayan.

Sai kuma inda ake kallon, wanda ba a cika maganarsa ba, kuma a nan na taɓa yin abin kunya. Wani kamfani ya aiko mini da fim ɗin barkwanci kafin fitowarsa, na kalla ni kaɗai a kwamfuta da dare, na rubuta cewa yana da jan jiki, bayan kowace magana sai a yi shiru kamar 'yan wasan sun manta layinsu. Bayan mako biyu wani aboki ya ja ni muka shiga sinima cike da mutane. Shirun nan da na kushe ashe gurbi ne mai tace fim ya bari don dariya. Da ya cike shi, da dariyar jama'a ta danne magana ta gaba. Masu wannan sana'a suna haska fim ga 'yan gwaji tun kafin ya fito, su ji inda aka yi dariya da tsawonta, su koma su yanka daidai da haka. Ni kuwa na auna rigar ba tare da mai ita a ciki ba. Yawancin sharhi a irin wannan yanayi ake rubuta shi, ko a ƙaramin ɗaki da safe tare da 'yan jarida goma sha biyu, kowa da littafi a cinya, kowa yana jin nauyin ya fara dariya. Fim ɗin tsoro da na barkwanci su suka fi cutuwa da wannan.

Akwai kuma batun su wane ne masu sharhin. A 2018 wata cibiya ta jami'ar Kudancin Kalifoniya, Annenberg, ta duba sharhi kusan 20,000 da aka rubuta kan fina-finai 100 mafiya kawo kuɗi na 2017. Kusan kashi 78 maza ne suka rubuta, kashi 82 kuma farar fata. Fim ɗin soyayya da barkwanci kuwa mata ne ƙashin bayan kasuwarsa. Ban ce namiji ba zai iya auna shi da adalci ba, ni ma namiji ne. Amma wanda bai taɓa zama 'ya mace a gidan da ake ƙirga mata shekaru ba, abin da zai fara gani a Toula shi ne tsohon salo, ba tsohon ciwo ba.

Kada ki ɗauka ina cewa jama'a kullum su ke da gaskiya. Akwai wani fim da nake haɗa shi da wannan a aji, The Big Sick na 2017, don kamar tagwaye suke. Shi ma da kimanin dala miliyan 5 aka yi shi, shi ma a Shikago labarin yake, shi ma labarin auren waɗanda suka rubuta shi ne, Kumail Nanjiani, haifaffen Pakistan, da matarsa Emily Gordon, shi ma ya shiga takarar Oscar ta rubutun labari. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance, Amazon ya saye shi dala miliyan 12. Masu sharhi suka yi masa ruwan yabo, kashi 98 a Rotten Tomatoes. Kuɗin da ya tara a duniya kimanin dala miliyan 56 ne. Riba ce mai kyau, amma bai kai kashi ɗaya cikin shida na abin da na Vardalos ya samu ba, ko da yake a 2017 mutane da yawa sun riga sun koma kallon irin waɗannan fina-finai a gida ta intanet.

Abin sha'awa, dabararsu ɗaya. A The Big Sick budurwar tana kwance asibiti ba ta cikin hayyacinta a kusan duk tsakiyar fim ɗin, saurayin yana zaune da iyayenta a ɗakin jira, suna hararar juna, har suka saba. Wato nan ma soyayyar da ake ginawa a gaban idonmu tsakanin mutum da dangi ce. Masu sharhi sun gan ta a nan don an fito da ita fili, an cire budurwar gaba ɗaya, abin ya zo musu sabo. A na 2002 an lulluɓe ta da farar rigar amarya, sai suka wuce ta.

Kuma kashi 98 ɗin nan ya ɓoye wani abu. A fim ɗin, mahaifiyar Kumail tana gayyato 'yan matan Pakistan ɗaya bayan ɗaya lokacin cin abinci, wai wucewa suka zo yi, kowacce ta bar hotonta, shi kuma yana tara hotunan a akwatin sigari. Daga baya ya ƙona su don ya nuna wa budurwarsa, wadda Baturiya ce, da gaske yake. Mata marubuta 'yan asalin Kudancin Asiya da dama sun rubuta cewa wannan ya yi musu ciwo, an mai da irinsu shingen da jarumi zai tsallake ya kai ga farar mace. Ko kin yarda da su ko ba ki yarda ba, magana ce mai nauyi, kuma ba za ki same ta a cikin lambar ba. Sai kin karanta.

Makin 'yan kallo ma yana da nasa ramin. Kamfanin CinemaScore na Las Vegas yana raba kati ne a daren farko na fitowar fim, a tambayi masu fitowa su ba da maki daga A zuwa F. Wanda ya bar gidansa ya je daren farko ai dama masoyi ne, shi ya sa ko B ake ɗauka a matsayin gargaɗi. Ƙananan fina-finai da ke buɗewa a gidaje kaɗan sau da yawa ba a ma auna su. Makin intanet kuwa kowa na iya jefawa, har wanda bai kalla ba, abin da ya sa a 2019 Rotten Tomatoes ya fara ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Ga ƙaramin fim irin wanda kika tambaya, shaidar da na fi yarda da ita ita ce tsawon zamansa a sinima. Talla tana iya cika kujeru a makon farko. Mako na ashirin kuwa sai dai in wani ya gaya wa wani.

Jama'ar nan da ake cewa ba su da zaɓi sun nuna suna da shi. A 2003 tashar CBS ta mai da labarin wasan talbijin na mako-mako, da Vardalos da yawancin 'yan wasan. An fara da ɗimbin masu kallo, suka yi ta zarewa, aka tsayar da shi bayan kashi bakwai. Abin dariyar shi ne, fim ɗin da aka ce wasan talbijin ne, da aka mai da shi wasan talbijin na gaske sai ya mutu. Kashi na biyu na fim ɗin ya fito a 2016, masu yabonsa cikin masu sharhi ba su kai ɗaya cikin uku ba, kuɗinsa a duniya wajen dala miliyan 90. Na uku, a 2023, bai kai rabin haka ba. Windex yana nan, goggo tana nan da surutunta, amma Toula ta riga ta sasanta da gidansu tun a na farko, babu sauran abin da ake jin tsoron rasawa. Da barkwancin ƙabila kaɗai mutane suka bi a 2002, da sun ci gaba da bi.

Idan kina son amfana da masu sharhi, ki bar lambar, ki nemi mutum biyu ko uku da kika san ɗanɗanonsu, ko da ba ku cika yin daidai ba. Wanda kika san ba ya son fim ɗin biki, ranar da ya ce wannan ya burge shi, kin samu labari. Ki kuma duba dalilin da ya bayar, domin "na san ƙarshensa tun farko" ba aibi ba ne a wannan nau'in, amma "ban yarda waɗannan biyun suna son juna ba" babban aibi ne.

In kin sake kallonsa, ki lura da inda aka tsaya. Ba a rufe da sumbar ango da amarya ba. A wajen liyafa uban da ya yi ta kuka a kan auren ya miƙa musu takardar gida, kyauta. Sai aka tsallake shekara shida, ga Toula ta fito da 'yarta za ta kai ta makarantar koyon yaren Girka, wadda ita ta tsana tana yarinya, yarinyar tana ƙorafi, uwar tana yi mata alkawarin in ta girma ta auri wanda take so. Kyamara ta ja baya, sai ga gidan da aka ba su jikin na iyayenta, uban yana tsaye a waje.